Notin Hagu a Bakin Akwatin Abba

Yakasai, cikin birnin Kano,
bayan ƙaramar Salla.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida direbanka da duk wanda Allah ya haɗa ku mota ɗaya. Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mai tuƙi yana gyangyaɗi. Innarku tana gaishe ka, ta ce in rubuta maka ka dinga rufe ƙirjinka in ana ruwa. Na rubuta, na fita haƙƙinta.

Na san lokacin da kake karanta takardar nan. Ba a tasha ka buɗe ta ba, don kai da takarda kamar akuya ce da ruwan sama. Ka bari sai da yunwa ta murɗa maka ciki, ka jawo ɗan akwatin ƙarfen da na ba ka, ka ji ƙamshin dambun naman Innarku yana fitowa ta gefen murfi. Ka ga babu kwaɗo, noti ne a bakinsa. Ka sa sifana ka murɗa, ya ƙi. Ka ƙara ƙarfi, ya ƙara ƙi. Sai a lokacin ka tuna da takardar da na ɗaura a hannun akwatin. To, ajiye sifanar. Notin nan ba tsatsa ya yi ba, ni na sa shi da gangan, kuma duk murɗar da ka yi masa ɗazu ƙara ɗaure shi ka yi. Zan gaya maka yadda ake buɗe shi, amma sai ka ji dalili, tunda yau na same ka zaune wuri ɗaya.

Ka san matsayinka. Alhaji Sule ya karɓe ka yaron mota ne don kunyar maƙwabtaka, kuma a gabanka ya faɗa: tafiya ɗaya, Ikko da dawowa. In Ɗanladi direba ya dawo ya ce kana da amfani, ka zauna har ka koyi tuƙi. In ya ce a'a, shi ke nan. Tela ya riga ya dawo mini da kai, bayan ka juya masa keken ɗinki baya, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye. Mai injin niƙa ma ya dawo da kai. Ni kuma rumfata ba ta ɗaukar mutum biyu, kekunan Yakasai ba su kai su ciyar da cikina da naka ba, musamman naka.

Ba ragwanci ne ciwonka ba, ba kuma rashin kunya ba. Ciwonka ƙarfi ne. In abu ya ƙi juyawa, kai a wurinka rainin hankali ya yi maka. Rediyona shaida ce. Ana tsakar faɗin sakamakon zaɓe aka ce ka rage murya, ka murɗa har ta yi ƙas ta mutu, ba ka tsaya ba sai da maɓallin ya biyo hannunka. Saboda kai, a bakin mai shayi na ji wanda ya ci ƙasar. Ba don sunan mahaifina gare ka ba, da ranar ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Amma ba zan yi maka faɗa da yawa ba. Gado ne, kuma ni na ba ka.

Bari in fara da dama da hagu, don nan na fara faɗuwa. Ina yaro aka aike ni ɗiban ruwa a famfon unguwa. Tuluna ya cika, mai tsaron famfon yana can zaune yana cin rake, ya ɗago murya ya ce, “Kai yaro, rufe. Juya dama.” Na kama hannun famfon ta ɓangaren da ke kusa da cikina, na tura shi dama kamar yadda aka ce. Ruwa ya ƙaru. Ya ce, “Dama na ce.” Na ce, “Dama nake yi, Baba.” Na ci gaba da yi da zuciya ɗaya har kan famfon ya fito a hannuna, ruwa ya yi sama, ya wanke ni, ya wanke masu jiran layi, ya wanke shi da rakensa. Da ake dukana ban daina cewa dama na yi ba, kuma gaskiya nake faɗa.

Abin da ban sani ba a lokacin, abu mai juyawa ba shi da dama ba shi da hagu. In samansa ya yi dama, ƙasansa hagu yake yi. In bakinsa na can ya yi dama, na kusa da kai hagu ya nufa. Don haka ka bar maganar dama da hagu, ka kama agogo. Bokona ya tsaya a aji uku, amma na fito da abu ɗaya mai amfani, wato kallon agogon bangon ajinmu ina jiran a tashi. Na kalle shi har na haddace tafiyarsa: daga sha biyu ya gangara uku, ya sauka shida, ya hau tara. Yawancin abin da hannunka zai taɓa, famfo ne, murfin kwalba ne, noti ne, in ka bi da shi hanyar agogo ya ɗaure, in ka saɓa wa agogo ya kwance. Wannan shi ne karatun, kuma da a nan ya tsaya da ni ma yanzu Alhaji ne. Sai dai akwai masu saɓawa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ya raba ni da mota.

Kun taso kun same ni mai gyaran keke, kuna ji abokaina suna ce mini Ɓalla-ƙarfe, kun ɗauka kirari ne. Ga asalinsa. Ina saurayi kamarka na yi karen mota wurin wani direba, Tanko, Allah ya jiƙansa. Mutum ne marar yawan magana, in ya kalle ka sau ɗaya ya gama faɗa. Wata tafiya muka ɗauko albasa za mu Gusau, mutane suna zaune a kan buhuna. Cikinsu akwai wani tsoho da rago, zai je sunan jikansa washegari. Tun daga Kano yake ba ragon dusa a tafin hannu yana yi masa hira. Mun wuce Funtuwa kaɗan tayar baya ta hagu ta sace. Tanko ya gangara gefe, na sa weji na tokare tayoyi, ya miƙo mini sifanar taya ya ce, “Sassauta notocin, zan shiga ƙauyen nan in yi salla in dawo.”

Na sa sifana na murɗa saɓanin agogo, yadda kowane ɗan halak yake kwance noti. Ya ƙi. Na taka da ƙafa. Ya ƙi. Na zaro dogon bututun ƙarfe na zura a hannun sifanar, na hau kai ina tsalle, mutanen kan albasa suna leƙowa suna kallo. Tsohon nan ya ce, “Yaro, ƙarfe in ya ƙi, tambayarsa ake yi.” Na ce, “Baba, kai dai riƙe ragonka.” Na ƙara tsalle, sai na ji ya saki, na faɗi zaune. Na tashi ina murmushi ina kallon tsohon. Da na duba, ashe ba kwancewa ya yi ba, ƙusar da notin yake kai ce ta ɓalle daga gindinta. Mai hankali da ya tsaya nan. Ni kuwa na ce wannan dama ruɓaɓɓiya ce, na koma ta kusa da ita. Ita ma na gama da ita, na kama ta gaba. Ina kanta Tanko ya dawo da carbi a hannu.

Ya tsince guntayen daga ƙasa ya juya su a tafinsa. Ya karɓi sifanar, ya cire bututun ya jefar, ya sa ta a wani notin, ya bi hanyar agogo da hannu ɗaya. Notin ya yi ɗan kuka ya taho kamar an kira sunansa. Sannan ya tofa yawu a kan ƙusar, ya goge da babban yatsa, ya ce, “An ce ka yi boko. Wane harafi ne wannan?” Na ce, “L ne.” Ya ce, “Me yake nufi?” Na ce, “Maigida, a aji uku harafin kawai aka ba mu, ma'anar sai aji huɗu.” Mutanen kan albasa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce tayoyin hagu na irin motar nan notinsu a juye aka ƙera shi, don kada gudun taya ya dinga kwance shi, kuma harafin nan shi ne alamar. Ya ce da ragowar ƙusoshin ba zai ɗauki rayukan mutane da lodin albasa ba. Ya tari wata mota ya koma Zariya neman wasu.

Muka kwana a wurin, muka wuni, muka sake kwana. Babu motar da ta yarda ta ɗauki tsoho da rago, duk a cike suke wucewa. Ranar sunan da hantsi tsohon ya zo ya zauna kusa da ni a inuwar motar, ya ce, “Yanzu haka an raɗa.” Ya dubi ragon. Ya ce, “In yaron ya girma ya tambayi ragonsa, wa zan ce masa ya tare hanya? Gaya mini sunanka in riƙe.” Na gaya masa. Ya ce, “A'a, wannan sunan mutanen kirki ne. Kai Ɓalla-ƙarfe ne.” Ragon yana gefe yana tuƙa, shi kaɗai ne a wurin yake ganin na yi daidai. Da muka dawo Kano Tanko ya sauke mini tabarmata a tasha, ya ce in gaida gida. Ban sake hawa bayan mota da sunan aiki ba.

Saboda haka, in aka miƙo maka sifana, kada ka fara da kafaɗa. Fara da ido. Goge kan ƙusar ka duba ko akwai alama. In babu, dubi haƙoran da suka leƙo bayan notin ka ga ina suka karkata. In ba ka gane ba, buɗe baki ka tambayi Ɗanladi. Zai zage ka, wannan dole ne, direba da zagi kamar mota ce da hayaƙi. Zagin tambaya a nan take yake ƙarewa. Nawa na rashin tambaya ga shi har na yi furfura ana kira na da shi a masallaci. Bututun nan kuwa da ake zurawa a sifana, kada ka taɓa shi sai ka tabbata hanyar da kake bi ita ce hanyar. Haka kuma wajen ɗaurewa, fara da yatsu. Noti in yana kan hanyarsa da yatsa biyu yake shiga. In tun farko yana neman sifana, a karkace ya hau, dawo da shi baya ka sake.

Za ka ce to daga nan na yi hankali. Ina fa. Na koma gyaran keke, ban daɗe da kafa rumfa ba ladanin unguwarmu ya kawo kekensa a yi masa faci a tayar gaba. Na gama na mayar da ita. Ina tsugune ta dama, na ɗaure notin da ke gabana hanyar agogo. Ƙiwa ta hana ni tashi in zagaya, sai na miƙa hannu ta bayan tayar na kama na can, na juya shi yadda na juya na nan. Tsatsa ta riƙe shi, na ji tauri, na ce ya ɗauru. Ashe kwance shi na yi. Malam Ladan ya hau ya tafi ɗaurin aure wajen Goron Dutse. A gangare ya faɗa wani rami, tayar ta goce, shi da keken suka yi sallama da juna. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai da babbar riga. Da la'asar ya turo keken har rumfata, yana ɗingishi. Ya ce, “Malam Uba, kai kake gyara ko kai kake rabawa?” Na ce, “Allah gafarta Malam, na bi agogo.” Ya ce, “To agogonka ta ƙeya kake kallonsa.”

Maganarsa ita ce karatun. Ɗauki agogo ka juya masa baya, ka yi tunanin kana hango hannunsa ta cikinsa, za ka ga tafiyar ta juye. Agogon da nake ce maka ka bi, a fuskar notin yake. Sai ka fuskance shi ido da ido sannan lissafin yake daidai. A mota za a tura ka ƙarƙashi, za ka miƙa hannu inda ido ba ya kaiwa. Kafin ka murɗa, tambayi kanka ina fuskar notin take kallo, ka kai kanka can ko da a zuci ne. In da hali, tashi ka zagaya. Ni ƙiwar zagaya keke guda ta sa na yi wata ina salla a sahun baya.

Sai na ƙarshe, wannan kana da wayo aka yi shi, sai dai an ɓoye muku. Shekarar da gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama, an yi ta shela a rediyo har da waƙa, ni ma ina bin waƙar ina faci. Abin da ban lissafa ba, in hanya ta juya, shataletale ma ya juya. Da muna zagaya shi hanyar agogo, yanzu an koma saɓaninsa. Na fita bayan gari sayen kayan keke, na shiga shataletale yadda ƙafata ta saba, sai ga duniya gaba ɗaya ta nufo ni. Na ce yau mutanen Kano sun haukace. Ina ta buga ƙararrawa ina yi musu nuni su koma. Ɗan sanda mai ba da hannu ya kamo sirdina ya ce, “Baba, ƙasa duka ta juya, kai kaɗai muke jira.” Bai kama ni ba, dariya ta hana shi.

Malam Ladan ne ya ba ni abin riƙewa, shi da ya je Makka. Ya ce a ɗawafi Ɗakin Allah yana kafaɗarka ta hagu, saɓanin agogo ake zagayawa. Ni ban je ba, kujerata tana hannun ku 'ya'ya, amma tun ranar in na zo shataletale sai in ba tsakiyarsa kafaɗar hagu. Kai da za ka dinga saukowa kana duba wa direba hanya a garuruwan da ba ka sani ba, ka san ta inda mota za ta ɓullo kafin ka sa ƙafa a kwalta. Abin da hannu ya saba ba ya jin shela. Ga shi yanzu ma an ce sojoji za su koma bariki farar hula su karɓa, a rumfar mai shayi kowa ya zama lauya. Ni dai na ce musu a bi a hankali, a fara da yatsu.

Yanzu ga abin da ya sa na yi maka duk wannan. Shekaranjiya bayan sallar asuba na bi ta garejin Alhaji Sule. Na tsuguna gefen motarku ina goge kan ƙusoshi da bakin rigata, maigadi ya zo ta baya ya riƙe mini wuya, ya ɗauka ɓarawon taya ne. Sai da ya juyo da ni ya ce, “Af, Ɓalla-ƙarfe, kai ne? Don Allah tashi daga nan, tafiya gare ta.” Amma na riga na ga abin da na je gani. Harafin nan yana nan a duk tayoyin hagu, irin na motar Tanko sak. Na kuma ga tayar baya ta hagu ta waje, ta suɗe kamar tafin hannu. Na gaya wa Alhaji, ya ce za ta kai. Ni na yi shekaru ina kallon roba, ba za ta ga gadar Jebba da iskarta ba. Za ta sace, Ɗanladi zai gangara gefe, zai miƙo maka sifana ya tafi neman inuwa, mutanen kan kaya za su leƙo. A nan za a yanke ko kai direba ne ko magajin rumfata.

Shi ya sa na kai akwatin wurin mai walda, muka liƙa masa ƙarfen fedar hagu ta wani tsohon keke. Fedar hagu ita ma a juye take, 'yar'uwar notin motarku ce. Na ce gara hannunka ya fara gamuwa da irinsa a kan dambu, inda in ka yi kuskure cikinka kaɗai zai yi kuka. Innarku ta ce mugunta ce a rufe wa yaro abinci. Na ce mata ni da aka bar wa nawa a buɗe ga inda na ƙare.

To, ɗauki sifanar. Fuskanci notin. Bi da shi hanyar agogo, daga sha biyu zuwa uku, wato hanyar da duk jikinka yake gaya maka ɗaurewa ce. Tunda ka riga ka matse shi, zai ɗan yi gardama, ka daki hannun sifanar da tafinka sau ɗaya, kada ka hau. In ya saki, ajiye sifanar ka ƙarasa da yatsu, ka ji yadda yake tafiya, hannunka ya riƙe. Ka fara miƙa wa Ɗanladi kafin ka ci. In kun gama ka mayar da notin saɓanin agogo, kullum ka buɗe ka rufe har ku kai inda tayar za ta yi abin da za ta yi.

In kuwa kafin ka karanta takardar nan ka riga ka ɓalle shi, to ka ci dambunka, kada ka gaya wa kowa, ka tuna a motar babu na gwaji.

In Allah ya dawo da ku kafin babbar Salla, kada ka sayo mini komai a Ikko. Ka kawo mini akwatin kawai. Ba sai na je gareji na tambayi Ɗanladi yadda aka yi ba, ba sai na kalli fuskar Alhaji ba. Zan kwance notin in duba haƙoransa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa ka fi ubanka, wanda ba wani dogon aiki ba ne. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Malam Uba mai gyaran keke,
wanda ka san ɗaya sunan nasa, kuma ba na son a gaje shi.